Sandar ƙafa huɗu da kujerar makewayi: wata takwas bayan karayar Dada

Shagon yana sayar da keken guragu, amma sai mutum ya hau matakala uku kafin ya kai bakin ƙofarsa. Abin da na fara lura da shi ke nan ranar da na je, kuma har yau in na wuce ta wurin a Keke Napep sai na kalli matakalar nan na girgiza kai. Ba zan kama sunan shagon ba, don a abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma mai shagon mutumin kirki ne. Yana cikin jerin shagunan magani da kayan jinya da ke kusa da ɗaya daga cikin manyan asibitocin garin Gombe. Duk wanda ya taɓa kwana a gindin gadon majinyaci a garin nan ya san irinsu: katifar ruwa a rataye, sandunan guragu a jingine, kwalayen safar hannu har rufi.

Abu uku na saya a can saboda mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada: sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu da suke kira woka, da kujerar makewayi mai bokiti a ƙasa, da ƙwayar kalsiyam. Yanzu wata takwas ke nan, na ga abin da ya yi ƙarko da abin da ya ci kuɗina a banza. Amma sai na faɗi yadda aka yi muka kai ga sayensu, in ba haka ba ba za a gane abin da nake aunawa ba.

Asubahin wata Talata ce a ƙarshen damina. Dada ta fito da butarta za ta yi alwala a gindin famfo, a gidanmu na Jekadafari, inda ta yi shekara hamsin tana alwala. Gansakuka ta kama simintin wurin, silifas ya zame, ta faɗi ta gefen hagu. Shi ke nan. Ba daga kan katanga ta faɗo ba, ba mashin ne ya buge ta ba. Faɗuwar da jikokinta ke yi sau goma a wuni su tashi suna dariya. Ƙanwata ta same ta a kwance tana salati, ƙafar hagu ta gajarce, tafin ya juya waje.

Kafin in iso daga Pantami gida ya rabu biyu. Kawu ya ce a kira mai ɗori, yayanmu Hamma ya ce asibiti. Da yake Kawu ne babba, mai ɗorin aka fara kira, kuma dole in yi masa adalci: dattijon ya taɓa ƙugun sau biyu, ya dubi ƙafar, ya ce, “Alhaji, wannan ba nawa ba ne. Karayar tana ciki, inda kara ba ya kamawa. Ku kai ta a yi hoto.” Ko kuɗin mashin bai karɓa ba. Hoto ya nuna wuyan ƙashin cinya ne ya karye, can sama inda yake shiga kwatangwalo. Sai a kwana na huɗu aka yi aikin, saboda haɗa kuɗi da neman jini, alhali likitan ya ce an fi so a yi cikin kwana biyu. Aka cire kan ƙashin da ya karye aka sa mata na ƙarfe.

Tambayoyin da likitan ya yi mana bayan aikin su ne suka hana ni barci, ba aikin ba. Ya ce ta taɓa karyewa? Muka ce a'a, sai ƙanwata ta tuna: shekara huɗu da suka wuce tunkiya ta fizge ta, ta dafa ƙasa da hannu, tsintsiyar hannun ta karye, aka ɗora, ya warke, aka manta. Ya ce ta rage tsawo? Muka kalli juna. Hijabin da ta zo da shi daga Makka, wanda da yake tsaya mata a idon sawu, ya daɗe yana share ƙasa, har na taɓa kai wa tela ya rage shi. Bayanta ya ranƙwafa, mu kuwa muna cewa tsufa ne, Dada ta fara ruku'u tun kafin a tada salla. Sai ya ce a kawo masa duk maganin da take sha. Aka zazzage jakarta. A ciki akwai ƙananan ledoji na haɗin ciwon jiki da ake sayo mata a kemis ɗin unguwa, ƙwaya biyar-biyar, ba suna ba kwali. Ya ware wata 'yar ƙarama fara ya ce wannan firednisolon ce, danginsu ɗaya da deksa da 'yan mata ke sha don ƙiba. Tana kashe ciwon gwiwa nan take, shi ya sa tsofaffi ke son ta, amma in aka daɗe ana sha tana cinye ƙashi. Dada ta kai shekara shida tana sha. Ni da hannuna na sha ba da kuɗin a sayo.

Sunan ciwon zaizayar ƙashi. Mu mutanen Gombe ba sai an yi mana dogon bayanin zaizaya ba, mun ga yadda kwari ke cin ƙasa har ya iso gindin gida. Sai dai ita ta ƙasa ana ganinta. Ta ƙashi ta fi kama da gara a cikin azara: daga waje itace lafiya lau, sai ranar da ɗaki ya rufta. Yadda na fahimta, ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo. Har zuwa wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa. Ga mace, sinadarin istirojin shi ke taka wa rushewar birki, to da al'ada ta ɗauke sai sinadarin ya yi ƙasa, cikin shekara biyar zuwa bakwai mace tana iya rasa har kashi 20 cikin 100 na kaurin ƙashinta ba tare da ta ji ciwon komai ba. Ƙididdigar da aka sani a duniya ita ce mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta samu irin wannan karaya, namiji kuwa ɗaya cikin biyar. Wuri uku ta fi kamawa: tsintsiyar hannu, ƙashin baya, da ƙugu. Dada ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin layi, domin ranƙwafawar nan da raguwar tsawo ƙasusuwan baya ne suka lotsa. Akwai na'urar auna kaurin ƙashi, kuma tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni cewa wanda awonsa ya kai -2.5 ko ya yi ƙasa da haka yana da ciwon. Amma likitan ya ce tsohuwa mai shekara 72 da ta karya ƙugu daga tsaye ba ta buƙatar na'ura ta shaida mata, karayar ta riga ta ba da shaida. Wata maƙwabciyarmu ta ce haihuwa tara da shayarwa ne suka tsotse ta. Na tambaya, aka ce abin da shayarwa ta ɗiba yawanci yana komawa bayan yaye. Abin da likitan ya ƙara da shi, yana kallona, shi ne wadda uwarta ta karya ƙugu ita ma hatsarinta ya ƙaru. Shekarata 46. Na ji wannan.

Washegarin aiki wata matashiya mai gashin ƙashi ta zo ta ce Dada za ta tashi tsaye. Muka ce yau-yau? Ta ce ba karayar ce ke kashe tsofaffi ba, kwanciyar ce: ciwon huhu, gyambon kwanciya, daskarewar jini a ƙafa. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karya ƙugu ba sa cika shekara. Ta tashe ta da sandar asibiti, ta ce mu nemi tamu kafin sallama. Shi ne na hau matakalar nan uku.

Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Da na ce woka nake so bai miƙo mini ba, sai ya ce, “Hajiya, wa zai riƙe? Mace ko namiji? Me ya same ta? Tsawonta fa?” Ya nuna mini iri biyu, mai taya biyu a gaba da marar taya. Ya tambayi tsakar gidanmu siminti ne ko ƙasa. Na ce rabi da rabi. Ya ce to in bar mai taya, yashi zai riƙe tayar, tsohuwa ta tura ta kife. Ga shi mai tayar ta fi tsada, da ya so cin kuɗina da ita zai tallata mini. Wannan kaɗai ya sa na yarda da shi. Ya ce dubu 48, muka daidaita a 43. Ya kuma ce in tsawon bai yi ba in dawo da ita cikin kwana uku matuƙar ba a cire ledar mariƙin ba. Rasit kuwa sai da na roƙa, yaron shagon ya yage takarda daga littafin makaranta ya rubuta. Ku nemi rasit.

Sandar ta alminiyam ce, ba ta kai nauyin bokitin ruwa rabi ba, jikar Dada 'yar shekara bakwai tana ɗaukarta da hannu ɗaya. Tana naɗewa, akwai maɓalli a tsakiya da ake dannawa ɓangarorin biyu su kwanta, ta shiga bayan Napep ba rigima. Kowace ƙafa tana da ramuka da ɗan ƙarfe mai tsalle, ana ƙara tsawo ko a rage. A nan na yi kuskuren farko: na ɗaga ta sama, a tunanina hakan zai miƙar da bayan Dada. Mai gashin da ta zo gida ta sauke ta rami biyu. Ta ce a tsayar da mutum da takalmin da zai riƙa sawa, ya saki hannuwansa, mariƙin ya zo daidai tsintsiyar hannu, yadda in ya kama gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. In ta yi tsawo kafaɗa ke wahala, in ta gajarta baya ke wahala. A shagon ba wanda ya gaya mini wannan, takardar da ke cikin kwalin kuma hoto biyu ne da rubutun Sinanci.

Wahalar gaske ba ta ƙarfe ba ce, ta Dada ce. Da ta ga abin a ɗakinta sai ta juya fuska bango. Ta ce keken koyon tafiya ne, ita da ta koya wa mutum tara tafiya ba za ta riƙe shi jikoki suna kallo ba. Kwana biyu muna lallashi. Ranar ta uku mai gashin ta durƙusa a gaban gadon ta ce, “Mama, ki taimake ni, taku biyar kawai.”

Dada ta ce, “'Yar nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi.”

Ta ce, “Mama, a wannan ciwon ƙin tashin shi ne muguwar rawar.”

Dada ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar faɗuwa, ta ce a miƙo mata angon nata. Sunan da ya bi sandar ke nan har yau. In za ta fita sai ta ce, “Ina ango?”

Tsarin tafiyar ba wuya in an koya: a ɗaga sandar a ajiye gaba kaɗan, ƙafafu huɗun su zauna, a jefa ƙafar da ke ciwo, sannan mai lafiya ta biyo. Abin da ya fi ba mu aiki shi ne hana ta jawo sandar in za ta tashi daga zaune. Hannu a kan kujera ko bakin gado ake turawa a miƙe, sannan a kama mariƙi. In an ja ta daga zaune tana tasowa ta faɗo wa mutum, kuma sau ɗaya ta kusa yi.

Ƙarfen kansa ban da abin cewa. Wata takwas, ba ta lanƙwashe ba, ba ta yi tsatsa ba ko da aka manta ta a ruwan sama, maɓallin naɗewa bai saki ba, sai dai yana cizon yatsa in ba a kula ba. A kan siminti tana zama daram. Amma wanda ya ƙera ta bai taɓa shiga gidan Bahaushe ko na Bafulatani ba. Faɗinta inci 23 a awon tela, ƙofar makewayinmu inci 21. Wato wurin da aka fi buƙatarta, inda ruwa da sabulu suke, nan ne ba ta shiga. Sai da muka kira magini ya fasa gefen ƙofar, ya kuma kafa bututun ƙarfe a bango na dafawa. Dokin ƙofar ɗakin Dada, wanda aka ɗaga saboda ruwan damina, shi ma sai da aka sassabe shi. A ɓangaren ƙasa na tsakar gida ƙafafun suna nutsewa ba daidai ba. Tabarma da ledar ɗaki mai naɗaɗɗen baki duk mun kwashe, mun sa ƙwan sola a hanyar makewayi, an kankare gansakukar gindin famfo, silifas ɗin nan kuwa ni da kaina na jefa shi a shara. Kuɗin gyaran gida ya fi kuɗin sandar. Duk mai niyyar saye ya fara auna ƙofofinsa, ya tafi da awon a rubuce.

Babban ƙorafina robar ƙafa ce. Kowace ƙafa tana da baƙar roba a ƙasa, ita ce ke hana zamewa, ita ce ran sandar gaba ɗaya. Simintin gidanmu mai kaushi ne, a mako na tara robobin baya suka cinye har bakin bututun ya leƙo. Ranar da muka je awo asibiti, a kan tayil, na ji ƙarfe ya yi ƙara ya ja, Allah ya sa Hamma yana riƙe da ita. Na koma shagon, babu robar. Suna sayar da sanda, ba sa sayar da abin da ke fara lalacewa a jikinta. Yaron ma cewa ya yi in sayi sabuwa. Na zaga shago huɗu a layin, na shiga babbar kasuwa, ban samu mai daidai bakin ba. A ƙarshe shumeka ne ya yanko tsohuwar taya ya liƙa, ta yi mana mako uku, amma kaurin bai zo ɗaya ba, sandar ta riƙa rawa kamar teburin mai shayi. Mai shagon ya yi alkawarin sa wa a kawo daga Kano, ya cika, amma sai da na yi sawu uku.

Kujerar makewayi kuwa, a nan ne araha ta nuna mini ba ta ado. Bayan irin wannan aiki an hana Dada tsuguno, an hana ta zama a abin da ya yi ƙasa har gwiwa ta fi ƙugu tsawo, don kada sabon kan ya goce. Masai na tsuguno ya fita ke nan, kujera 'yar tsuguno ta fita, zaman tabarma ya fita, salla ma a kan kujera take yi. Wannan bai dame ta ba, ta san hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa wanda bai iya tsaye ba ya yi a zaune. To kujerar dole ce. Iri biyu ne a shagon, ta alminiyam dubu 70, ta baƙin ƙarfe mai fenti dubu 38. Mai shagon ya ce in ɗauki ta farko. Aljihu ya riga ya huje da kuɗin aiki, na ɗauki ta biyu. Tsawonta ya yi, mariƙan gefe suna da ƙarfi, da dare a gefen gado ta raba mu da fitar tsakar dare, wadda ita ce na fi tsoro. Amma mu da ruwa muke tsarki, kujerar kuma an yi ta ne don masu takarda. Wata uku fenti ya fara ɓarewa, tsatsa ta kama mahaɗan ƙafafun, a wata na shida ƙafa ɗaya ta ƙi motsi sam. Bokitin robar sirara ce, ta tsage a wata na biyu, muka maye da ƙaramin bokitin fenti wanda ya fi ta ƙarko. Murfin zaman yana da sanyi lokacin hunturu har sai da ƙanwata ta ɗinka masa riga. Laifin rabi nawa ne, an gaya mini. Da zan sake, ta alminiyam zan saya ko da bashi.

Sai ƙwayar kalsiyam, inda na kusa yin faɗa. Ranar mai shagon ya tafi masallaci, yaron ne kaɗai. Na nuna takardar likita, sai ya sauko da wata ƙatuwar kwalba mai ruwan zinare ya ce, “Hajiya, wannan daga Amurka yake, ko ƙashi ya zama gari zai haɗe shi.” Kuɗinta ya ninka na wadda aka rubuta sau huɗu. Ni malamar makaranta ce, karanta bayan kwalba ba ya gagarata. Kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 1,250 na kalsiyam kabonet, wanda ainihin kalsiyam ɗin cikinsa 500 ne, domin kashi 40 cikin 100 ne kawai. Na juya mai arahar, lissafi ɗaya, har da bitamin D a ciki, ga lambar NAFDAC a jiki. Ta zinaren na juya ta ko'ina ban ga lamba ba. Da na faɗa wa mai shagon daga baya ya yi wa yaron faɗa a gabana, amma kwalbar tana nan a kan kanta har yau.

Mace mai shekarun Dada tana buƙatar wajen miligiram 1,200 a rana, abinci da ƙwaya a haɗe, kuma jiki ba ya ɗaukar fiye da 500 da kyau a lokaci ɗaya, don haka ba a haɗiye biyu tare, kuma da abinci ake sha. Ƙwayar tana sa taurin bayan gida, wannan gaskiya ne, mun yi fama. Abin da ya ba ni kunya shi ne Dada jinin Fulani ce, da nono aka yaye ta, amma na lissafa ta fi shekara goma abincinta shayi ne da burodi da tuwo, don ƙwaryar nono ta yi tsada kuma ba wanda ya lura. Kofin madara ɗaya yana ba da wajen 300. Yanzu kullum akwai kindirmo, miyar kuka ta dawo sau uku a mako, ga kwaɗon zogale, ga riɗi, ga ƙananan busassun kifi na Dadin Kowa da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya. Bitamin D kuma, wanda sai da shi hanji ke tsotsar kalsiyam, fata ce ke yin sa in rana ta taɓa ta. A garin da rana ke gasa mutum, Dada ta shekara da shekaru daga ɗaki sai rumfa, a lulluɓe. Yanzu da hantsi ango yana kai ta tsakar gida, ta zauna minti ashirin hannu da ƙafa a buɗe, tana ba kaji dawa.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka kalsiyam ne maganin. Ni ma haka na zata. Shi kayan gini ne kawai, wanda ke hana rushewar daban ne. Likita ya duba ƙodarta da haƙoranta, sannan ya rubuta alendironet, miligiram 70, ƙwaya ɗaya a mako, ba a wannan shagon muke saye ba. Tana da sharuɗɗa kamar amarya: da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa zalla, ba shayi ba koko, sannan a zauna a miƙe rabin awa ba kwanciya ba cin abinci, in ba haka ba tana ƙona maƙoshi. Ba a haɗa ta da kalsiyam a lokaci ɗaya. Mun sa mata ranar Juma'a bayan asuba, ta haɗiye ta ja carbinta, kafin ta gama lazimi lokaci ya cika. Da azumi muka riƙa tashinta da wuri ta sha kafin sahur. Haɗin kemis kuwa likita ne ya janye mata shi a hankali, don irin wannan ƙwaya ba a yanke ta rana ɗaya. Gwiwar ta yi ta ƙorafi, Dada ma haka.

Yanzu a cikin ɗaki sanda ɗaya take riƙewa. Ango sai dare, ko in za ta shiga maƙwabta barka ko gaisuwa, sauran lokaci yana jingine ana shanya ɗankwali a kansa. Goggonmu ta Kumo, wadda ita ma ta fara ranƙwafawa, ta aiko a ba ta aro, Dada ta ce miji ba a aro, a kai ta asibiti a duba ta tukuna.

Ranar da robobin suka iso daga Kano muna dawowa daga awo, sai na ce mai Napep ya tsaya. Dada ta ce tana son ganin inda aka samo mata ango. Ta leƙo, ta ga matakala, ta koma ta zauna. Mai shagon da kansa ya sauko da robobin a leda, na sayi takwas, ya durƙusa a bakin Napep ya gaishe ta, ya tambayi jiki. Ta amsa, ta sa masa albarka, sannan ta nuna matakalar da bakin sandarta.

“Ɗan nan, wa kake sayar wa kayan nan? Mu ne fa. Ka rushe wannan abin.”

Ya ce, “In sha Allahu, Mama. Sai na yi magana da mai gidan.”

Wata biyar ke nan. Shekaranjiya na wuce, an yi wa matakalar sabon fenti.